Filtar Motar Buɗa-Baki

Har yau ban manta da ranar da ma'aikatanmu suka buɗe baki da ruwan famfo zalla ba, alhali kununa da ƙosaina na bayan mota a gefen titin Zariya. Ku da kuka karɓi madafar nan a bayana, ku saurara ku ji.

Kamfaninmu na jima ne, a Challawa. Saboda warin fata da magungunan da ake jiƙa ta a ciki, ba a girki a can. Madafa tana Sharaɗa, ni ce babbar mai dafawa. In azumi ya kama, kamfani ke ciyar da masu aikin yamma, waɗanda magariba ke riska a bakin inji. Mu dafa, Malam Ɗanladi direba ya kai.

Motar wata tsohuwar a-kori-kura ce fara. Ta girmi wasunku, amma ba ta yi yawon duniya ba. Da an yi salla sai a lulluɓe ta da tamfol, da ragowar mai a cikinta, sai kuma baɗi.

A shekarar nan, tun ranar farko ta kama tari. Ta yi gaba, ta shaƙe, ta mutu. Malam Ɗanladi ya kai ta wurin Ubale, bakaniken kamfani. Ubale ya ce filta ce, wato ɗan gwangwanin da ke tace fetur kafin ya isa inji, kamar matacin kunu. Ya ce man da ya daɗe a kwance lalacewa yake, tanki ya yi tsatsa, tsatsar ta taru ta toshe hanya. A sa sabuwa kawai.

To, amma ko ƙusa ba a canzawa a motar kamfani sai Alhaji Kabiru, shugaban sashen motoci, ya yarda. Shi kuma ƙa'idarsa ɗaya: lambar nan ta gaban direba mai ƙirga tafiya, sai ta kai wani adadi kafin a canza filta. Ya leƙa, ya ce da sauran tafiya mai yawa. Ubale ya ce shekaru ma ai lissafi ne. Alhaji ya ce ƙa'ida ba ta ambaci shekaru ba, tafiya ta ambata, kuma in masu bincike suka zo shi za su titsiye, ba Ubale ba.

Haka muka shiga wahala. Kullum sai mota ta tsaya a hanya, Malam Ɗanladi ya kwance filta, ya buga ta a taya, ya hura da baki, ya mayar. Bawan Allah da azumi a bakinsa, har sai da ya je ya tambayi liman ko tururin fetur na karya azumi. Kunu ya isa da sanyi, ƙosai ya saki jiki. Ma'aikata ba su san filta ba, ba su san Alhaji Kabiru ba. Ni, Iya mai abinci, suka sani.

Na yafa mayafi na tafi ofishin Alhaji Kabiru. Muka gaisa, na yi masa barka da shan ruwa, na ce ya dubi Allah ya dubi masu azumi. Ya ce in kwantar da hankalina, ya riga ya samo mafita. Na yi hamdala na taso, ban tambayi wace iri ba.

Ashe mafitar ita ce Malam Ɗanladi ya daina bin gajeriyar hanya. Ya riƙa zagawa ta Na'ibawa, ya ɗan nausa titin Zariya, sannan ya juyo, don lamba ta yi saurin cika. Motar da ba ta iya kai Challawa ita aka ƙara wa tafiya. Mara lafiya aka ce ya yi ta gudu har lokacin shan maganinsa ya yi.

A goman tsakiya motar ta mutu murus. An hura, an buga, an tura, ta ƙi. Da Malam Ɗanladi ya kira ni, ladan ya riga ya ɗaga murya. Na tari adaidaita sahu, muka kwashe tukwane, muka isa an daɗe da idar da salla. Na tarar da maza zaune a gindin katanga, kowa da robar ruwa. Ba wanda ya zage ni. Da ma zagin aka yi. Malam Isuhu, wani dattijo mutumin Nijar da ke wankin fata, ya ɗago kai ya ce, “Iya, yau kin manta da mu ne?”

Washegari ban hura wuta ba sai da na ga Alhaji. Na ce, “Alhaji, ku gafarce ni. Tukunyata ba za ta sake hawa motar nan ba sai an sa mata abin da bakanike ya ce. In kora ce, a kore ni.”

Ya shafa gemu, ya aika aka kira Ubale. Na ɗauka filta zai ce a ɗauko. Sai na ji yana tambaya ko ana iya murza lambar da hannu ta yi gaba. Ubale ya ce shi dai ya san masu mayar da ita baya don su sayar da mota, bai taɓa ganin mai tura ta gaba ba, amma ana iyawa. A gabana aka murza, a wata mai alfarma, har ta kai inda Alhaji ke so. Ya leƙa, ya gyaɗa kai, ya ce yanzu ta cancanta. Kafin in gama gyara mayafina Ubale ya ɗaura sabuwa. Mota ta tashi lafiya lau.

Na nemi tsarin Allah, na koma madafa.

Abin da na koya shi ne, a kamfani akwai mutanen da tsoron tambaya ya fi ƙarfin hankalinsu, ba don mugunta ba. Kuma zama ma yana cin abu, ba tafiya kaɗai ba. Tun daga ranar, in an ɗora tukwane sai in shiga gaba kusa da direba. Mai dafa wa ma'aikata ba ta gama aiki a bakin murhu. Sai ta ga kwano a hannun mai ci, da tururinsa.