Allurar Ranar Gayya

Shekarun baya, lokacin da kuɗin fetur suka fara leƙowa har ƙauyukanmu, yayana ya dawo Ruwan Godiya daga aikin gini a Kaduna da sabon keke da rediyo da niyyar aure. Ni kuma ina kwalejin horon malamai, na zo hutun damina.

A wajenmu mai neman aure yakan tara samari su yi wa surukinsa gayya, a taru rana ɗaya a nome masa gona. Abin da aka saba shi ne fura da tuwo da goro, sai makaɗi. Yayana ya ga wannan kowa ma na yi. Shi sai ya ɗauko mai allura.

Mai allurar nan wani bawan Allah ne da ya taɓa aikin shara a wani asibiti, ya sayi babur yana bin kasuwannin Faskari da Sabuwa da ɗan akwatinsa. Mutane sun yarda da shi ƙwarai, domin a zamanin in ba a tsira maka allura ba, ba a yi maka magani ba. Da safiyar gayya ya shimfiɗa buzu a gindin ɗorawa, samari suka yi layi ana yi wa kowa allurar ƙarfi. Sirinjinsa ɗaya ne, na gilashi. In ya gama da mutum sai ya ɗauraye allurar a kwanon ruwa ya ce, "Na gaba."

Ni dai ban faɗi don wata basira ba, tsoron allura nake yi tun ina yaro. Da layi ya matso kaina na ce zan kewaya, na shige cikin dawa ban fito ba sai da na ji kiɗa ya tashi. Ranar na sha tsiya. Abokin yayana har waƙa ya yi mini, wai malamin makaranta ya ga ƙaya ya yar da alli. Yayana kuwa, da yake shi ne mai gayya, bai yarda a yi masa ba sai da aka yi wa kowa. Mai baƙi ba ya riga baƙinsa.

An yi noma, suruki ya sa albarka, na koma makaranta.

Da kaka aka aiko in zo gida. Na tarar da yayana kwance, idanunsa sun yi ɗorawa, fitsarinsa kamar shayi, ko ƙamshin miya ba ya so. Akwai wasu samarin ma da suka kwanta haka. Aka ce shawara ce, aka yi ta jiƙa musu rawaya. Wasu suka ce sabuwar gyaɗa ce. Mahaifiyata ta fi zargin wani da suka yi takarar neman auren yarinyar da yayana. Aka kira mai allura, ya yi ta zuwa yana yi wa yayana allurar fensilin, ya kuma ƙi karɓar ko sisi.

Sauran samarin suka miƙe ɗaya bayan ɗaya. Yayana sai ya fara yawan barci da sambatu, ranar nan ya kira ni da sunan ƙanin babanmu. A nan muka nemi mota zuwa asibiti a Funtuwa.

Likitan ya duba shi ya tambaye ni, "Shi kaɗai ne a garinku?"

Na ce a'a. Ya tambayi abin da ya haɗa waɗanda suka kwanta. Sai da na jero su a raina na ga duk 'yan layin gindin ɗorawa ne.

Ya ce akwai wata irin ƙwayar cuta da ake kira bairos, ta fi sauran ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma ba ta iya hayayyafa da kanta. Kamar ciyawar ƙuduji take, sai ta sami saiwar dawa. Wannan irin a jini take tafiya, ɗan abin da ya maƙale a bakin allura ya isa. In ta shiga sai ta nufi hanta, ta kutsa cikin ƙwayoyin halittarta, ta sa su bar aikinsu su koma ƙera irinta. Watanni ana haka mutum yana noma bai sani ba. Ranar da garkuwar jiki ta farga sai ta auka wa duk ƙwayar da cutar ta shiga. Yawanci a ci nasara a warke. Wani lokaci kuma yaƙin ya cinye hantar.

Mahaifiyata ta ce, "Likita, to a yi mashi allura mana, ko ya samu lahiya."

Ya ce, "Baba, fensilin ba ya taɓa wannan. Sai dai mu tallafa masa mu jira."

Muka jira. Yayana ya rasu ana cikin yankan dawa.

Na yi shekaru ina koyar da wannan darasi a aji, ina zana shi a allo, kuma ban taɓa kawo labarin yayana ba. Ɗalibai kan so a nuna musu mugu a labari, ni kuwa ba ni da shi. Wanda ya ɗauko cutar a jininsa ranar bai san yana da ita ba, har yau ba mu san ko wane ne ba. Yayana karamci ya yi. Nakan yi kewarsa, amma fushin ya daɗe da rasa inda zai sauka.

Mai allura ya zo gaisuwa ranar uku. Ya durƙusa gaban mahaifiyata yana hawaye ya ce, "Wallahi Baba, duk abin da na sani na yi wa yaron nan." Ina zaune a gefe ina jinsa, kuma gaskiya ya faɗa.