Akuyar Biko

Jikokina suna da wani shiri da suke kallo a talabijin, na ma'aikatan wani shugaban ƙaramar hukuma waɗanda kullum matansu ke kwashe kaya suna tafiya gida. Su yi ta dariya har da buga ƙafa. Ni da an fara nake tashi in koma ɗaki, su ce Kaka ba ta san raha ba. Na san ta sarai. Na taɓa ganin irin wannan wasa a Jibiya tun Turawa ba su tafi ba, kuma ni aka kwaikwaya.

Maigidana, wanda ban taɓa kiran sunansa ba kuma ba yau zan fara ba, malamin ofis ne a lokacin. Yana da ubangida, wani babba mai faɗa a ji, kuma da aka shiga hayaniyar zaɓe sai ya zama shi ne ɗan aiken ubangidan, yau Bugaje, gobe Gangara. In ya dawo ma ba ni yake gani ba, bango yake yi wa jawabi. Duk na shanye. Amma ran da ya kama akuyata, wadda na zo da ita daga gidanmu, ya yanka wa baƙin ubangidansa ko tambayata bai yi ba, sai na ɗaure ƙunshina na yi yaji.

Gidanmu kuwa ƙetaren iyaka yake, ƙasar da Faransi ke mulka a lokacin. A wurinmu ba wata tafiya ba ce, hanyar da muka saba bi tun muna yara. Abin da ban lissafa ba shi ne 'yan adawar da suka gudu daga hannun 'yan doka can suka ɓoye, kuma duk ma'aikacin da aka gani ya ƙetara, cewa ake saƙo ya kai musu. Wani tela maƙwabcinmu an tafi da shi kan irin wannan zargi. Da ya dawo, hannunsa ko zare ba ya iya sa wa allura.

Malam ya zo biko da kansa, bai turo kowa ba don kada a ji. Ya zo kan keken ofis da wata akuya ɗaure a baya. Da ya gama da mahaifina ya same ni bayan rumbu, ya durƙusa, ya kama bakin zanena, har da hawaye. Na dawo ina jin kaina kamar sarauniya.

Ba mu daɗe da dawowa ba aka ce an gan shi a ƙetare. Ubangidan ya tambaye shi abin da ya kai shi, ya ce ziyara. Aka ce to, bayan kalankuwa za a zauna a ji ziyarar wa. Daga nan barci ya ƙaurace mini. Ko sallamar mai talla na ji a ƙofar gida sai in ce 'yan doka ne.

Na ce, "Malam, don Allah ka hwaɗi gaskiya. Biko ka tahi."

Ya ce, "In hwaɗa ma duniya na durƙusa ma mace? Ke dai ki yi ta kanki."

Kalankuwa wasan samari ne bayan an kai amfanin gona gida. Su naɗa Gwamnansu da Alƙalinsu da 'yan dokarsu, su yi ta kwaikwayon manya, manyan kuma a gayyace su su zauna su kalla. Dandalin bayan gidanmu yake. Ni ba na fita, sai na kife turmi jikin katanga na hau bayan la'asar. Ga ubangidan can kan kujera, 'yan doka na gaske biyu a bayansa, Malam tsaye gefe ya harɗe hannu.

Sai ga wani saurayi ya fito yana yi wa iska jawabi, yana gyara murya kafin kowace kalma. Wannan gyaran murya ko makaho ya san na wa ne. Mutane suka fara ƙus-ƙus. Ya hau kara a matsayin keke, wani yaro ya ɗafe masa baya lulluɓe da buhu, suka nufi wata igiya da aka shimfiɗa a ƙasa, inda wani mai jar hula ya tsaya a matsayin jandarma, ɗan dokar Faransi. Iyaka ke nan. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya tsallake.

Dandalin ya yi tsit. Na ga ubangidan ya daina murmushi, ya ɗan karkato kai, ɗan doka ɗaya ya sunkuyo yana saurare. Na ce shi ke nan, yaran nan sun kashe mu da wasa. Ban san kalmar shahada nawa na yi ba, idona dai yana kan hannun Malam.

Can wata mata ta fito da ƙunshi a kai tana murguɗa baki. Tafiyar kawai na gani na gane ƙanena ne ya ɗaura zane, ɗan banzan yaro, ashe ran nan yana kan rumbu. Mai keken ya zube a gabanta, ya kama bakin zanen yana kuka wiwi: "Ki yi ma Allah ki komo! Ga akuya, ta hi waccan ƙiba!" Yaron da ke cikin buhu ya ce meee.

Wurin ya ɓarke. Ubangidan ya yi dariya har rawaninsa ya zame, ya juyo ya nuna Malam da sanda ya ce, yadda kowa zai ji, "Ashe wagga ce ziyarar taka?" 'Yan dokar ma suna riƙe ciki. Na sauko daga turmin na zauna a ƙasa ina kuka ina godiya ga Allah. Zaman da aka ce za a yi, ba a ƙara tayar da shi ba.

Na yi tuwo na musamman, miya har da man shanu. Ya shigo kafin magariba, yara na biye da shi daga nesa suna meee. Ya zauna kan tabarma, na kawo ruwa na durƙusa na ce, "Sannu, Malam. Allah ya tsare."

Bai dubi kwanon ba. Ya daɗe yana kallon akuyar da ke ɗaure a turke, sannan ya ce a hankali, "Da sun ɗamre ni ya hi man."

Mun yi shekaru masu yawa tare bayan haka, ya ɓata mini rai fiye da yadda zan iya faɗa. Amma ban ƙara ɗaure ƙunshi ba, don na san in na tafi babu mai zuwa.