Takalmin Ɗiyar Modi

Cikin duk shekarun da na yi ina riƙe da makullin sito, ranar da ta ƙi fita raina ita ce ranar wata Ƙaramar Salla da na raka Manaja gidan Modi a Gidan Igwai. Amma sai na faro muku daga cikin azumi, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya kai mu can ba.

Kamfaninmu na hatsi ne, kusa da Ƙofar Kware. Alhaji mai kamfani ne a sama, sai manaja, sai akawu, sai ni mai kula da sito, sannan 'yan dako masu loda buhuna da saukewa. A al'ada, goman ƙarshe na azumi akan auna wa kowa shinkafa da gero, a yi addu'a a watse. A shekarar nan aka kawo mana sabon manaja, Malam Nasiru, Bakano, mutumin kirki amma mai son tsari har ya yi yawa. Ya ce bana ban da hatsi za a yi wa 'ya'yan ma'aikata kayan Salla, kuma ya kasa su uku: masu tatata, 'yan firamare, sai samari da 'yammata. Kowane rukuni da irin takalminsa da ɗan abin da za a haɗa masa.

Ya kuma kafa sharaɗi. 'Ya'yan cikinka kawai, ban da ɗan ƙane, ban da ɗan maƙwabci. Wai inda ya baro, da aka yi irin wannan, wani gwauro ya kawo yaran unguwarsu kaf. Duk wanda aka kama ya cusa wanda ba ɗansa ba, a bakin aikinsa. Ba mu ɗauka wasa ba, don ko wata bai cika ba da ya sallami wani a kan ha'incin awo.

Ya ce kowa ya kawo lambar takalmin 'ya'yansa. Washegari ya tarar da teburinsa cike da karan gero. Mutanenmu ba su san wata lamba ba. Yaro zai taka ƙasa, a ɗora kara daga dunduniya zuwa babban yatsa, a karya daidai nan, a ɗaura jan zare in mace ce, baƙi in namiji. Manaja ya yi ta juya su yana tambayata ko wuta za a hura. Da na yi masa bayani sai abin ya burge shi, har ya ce ai da tsawon kara ma zai gane rukunin kowane yaro, ba sai an tambayi shekaru ba.

Cikin karan nan akwai wani mai jan zare da ya zo shi kaɗai ba cikin dami ba, na Modi. Modi ɗan dako ne, ƙato, marar magana, kuma duk sito mun san ya daɗe da aure Allah bai ba shi haihuwa ba. Na ja shi bayan buhuna na tambaye shi ƙafar wa ya auno.

"Ta Inna ta," in ji shi. "Takalminta sun tsinke tun bara, da waya nika ɗaure mata su. Don Allah, Malam Umaru, kak ka hwaɗi."

Na san tsohuwar, 'yar firit ce, iska mai ƙarfi sai ta ɗauke ta. Na ce masa wuta yake wasa da ita, ya ce ya sani. Na ja bakina na yi shiru, don ban ga yadda zan tona mutum a kan takalmin uwarsa ba.

Matsalar ita ce karan ya shiga ran Manaja. Kowa ya kawo dami, Modi ya kawo ɗaya, sai tausayi ya kama shi. Ya kira shi ofis ya tambayi sunan yarinyar. Modi ya sunkuyar da kai, don wane ɗa ne zai kama sunan uwarsa gatsau? Manaja ya yi murmushi ya ce ya gane, kunyar 'yar fari ce, su ma a Kano ana yi. Ya tambayi shekarunta, Modi ya ce ba a rubuta ba. Ya tambaya aji nawa take, Modi ya ce ba ta taɓa shiga makarantar boko ba. Nan fa Manaja ya ɗaure fuska, ya yi masa wa'azi mai tsawo a kan ilimin 'ya mace, Modi yana tsaye gumi na zuba kamar ya sauke tirela shi kaɗai.

Ana saura kwana kaɗan Salla muka shiga babbar kasuwa ni da Manaja, ga azumi ga zafin Sakkwato. Masu tatata aka saya musu takalma masu ƙara in an taka. Samari aka ɗaukar musu na fata, 'yammata masu ɗan tudu da gyale. Da aka zo kan 'yan firamare, mai shago ya zura karan Modi cikin wani takalmi ruwan hoda mai fuskar kyanwa, wanda in an taka wuta ke walƙiya a dunduniya, ya shiga cif. Na yi maza na ɗauko wani baƙi marar ado na ce wannan zai fi ƙarko. Manaja ya dube ni sama da ƙasa ya ce shi ya sa ba a tura tsofaffi sayayyar yara, yarinya ɗaya tal gun ubanta zan saya wa takalmin zuwa ta'aziyya? Ya sa aka haɗa mata da tabarau na roba mai jan baki da 'yar jakar hannu mai ƙyalli, ya ƙara agogon roba daga aljihunsa.

Da Modi ya buɗe ledarsa a sito, ya daɗe yana kallon kyanwar. Na ce ya kai kasuwa a canja masa a ɓoye. Ya tafi da niyyar haka, amma ya biya ta gida, tsohuwa ta gani, zance ya ƙare.

Ranar Salla bayan an sauko Idi Manaja ya kira ni a waya. Wai maganar yarinyar nan ta hana shi sukuni, in zo in nuna masa gidan, zai yi wa uwarta magana a sa ta makaranta ko da shi zai ɗauki nauyi. Na ce hanya ba kyau, ya ce motarsa ta saba. Na ce wataƙila sun fita yawon Salla, ya ce sai mu jira. Duk hanya ina kiran Modi wayarsa a kashe.

Modi ya fito zaure ya gan mu, dole ya yi mana sannu da zuwa. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura, aka yi barka da Salla. Manaja ya ce a kira masa mai takalmin. Modi bai motsa ba, amma ashe ana jin mu daga ciki. Zauren da ɗan duhu, don haka wutar muka fara gani, ja da kore, tana tahowa a hankali, sannan sanda, sannan tsohuwa da farin mayafi, tabarau a fuska, jaka a hannu, agogo na lilo a tsintsiyar hannu. Ni dai na cusa fuskata cikin ƙwaryar fura, don in na kalli Manaja dariya za ta kashe ni, in na kalli Modi kuma hawaye.

"Kai na mai gidan Modi?" in ji ta. "Allah shi yi ma albarka. Yau hilin Idi dut tsohin unguwa ni suka kallo. Madubin ga kau ya raba ni da rana."

Ta lallaba ta zauna, ta miƙe ƙafafu a gaban Manaja don ya gani da kyau.

"An ce min na ɗiya na. To shi Allah bai ba shi ɗiya ba, ni ɗai ag gare shi. Dut Salla abokai nai na kai kaya gida ana gudu ana tarbonsu, shi sai shi shige ɗaki shi kwanta. Bana shi ma an tarbe shi."

Can Manaja ya sauka daga tabarma ya durƙusa ya gaishe ta yadda ake gaida uwa, ya ce in takalmin bai yi mata ba a kawo wani. Ta janye ƙafafunta cikin zane ta ce ba mai taɓa mata su.

Muka kamo hanyar Ƙofar Kware a mota. Manaja ya tambaya ko na sani tun farko, na ce na sani. Sai dariya ta ƙwace masa har ya tsaya gefen titi, yana cewa shi da ya zo sa ta aji ɗaya. Modi bai rasa aikinsa ba. Bayan hutu Manaja ya tara mu ya ce daga yanzu kowa ya kawo karan duk wanda ke ci daga hannunsa, yaro ko tsoho, amma a riƙa faɗa masa na wane ne.

Abin da na koya a nan nake so ku riƙe, ku masu tasowa. Mai tsara doka a ofis yakan ɗauka kowane gida irin nasa ne, ba don mugunta ba, don bai leƙa ba. Mutanen da ke ɗaukar mana buhu ba su iya roƙo ba, kuma ba su iya bayani ba. Kafin ka raba musu alheri, ka tambayi wa suke komawa su tarar a gida.

Azumin da ya biyo baya teburin Manaja ya cika da karan kakanni da gwaggonni. Shi da kansa ya ware baƙin takalmi mai taushi ya ajiye, yana jiran Modi. Modi ya zo ya karɓi geronsa, ya yi godiya, bai kawo kara ba. Inna ta rasu tun kafin watan ya kama.