Katifar Yaya a Bakin Titi

Yayata mai wanki da guga ce. Tun da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya a ɗakuna biyu na haya ta ɗauki dutsen guga, kuma da shi ta ciyar da su har suka kama gabansu. Duk layin an san hannunta. Riga in ta fito daga wurinta, ka rantse yau aka yage ledarta.

Sai dai tana da baki, wannan ba zan ɓoye ba don uwarmu ɗaya. In aka kawo ƙullin wanki, a bakin ƙofa take kwance shi, ta ɗaga kowane kaya da yatsu biyu tana duba wuya da hammata. Shekarun baya matar mai gyaran keke, wadda ƙofarta ke kallon ta Yaya, ta kawo zannuwan gado. Yaya ta buɗe kalmasa ta ga kuɗin cizo. A gaban mata masu layin famfo ta tura ƙullin da ƙafa, ta ce, "Kwashe tsiyarki, ni ba na yi wa ƙazamai wanki." Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta haɗa su.

To, duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Jikarta ta dawo wurinta da zama, 'yar firamare mai fama da asma, aka sayo mata gadon ƙarfe da katifa na gwanjo. Na je gaishe su na tarar yarinya tana ta susa, damtsenta duk ƙuraje a jere.

"Sauro ne," in ji Yaya, tun ban tambaya ba.

"Sauron naku layi yake ja in zai yi cizo?" Na ɗaga gefen katifa, ga kuɗin cizo nan sun yi baƙi a bakin ɗinki, suna ta neman mafaka.

Ban taɓa ganin fuskar Yaya haka ba. Ta riƙe min hannu, murya ƙasa ƙasa, ta ce, "Ki rufa min asiri. In aka ji, wa zai sake ba ni rigarsa?"

Na ce a kira mai feshi. Ta harare ni, kuma da gaskiyarta. Maganin sauro kawai aka taɓa fesawa a ɗakin, yarinyar ta ƙare a gadon asibiti da robar iska a hanci, likita ya ce kada a kuskura a sake. Abin da ya rage kuwa kowa ya san shi: a fitar da katifa rana ta gasa ta, a kwarara wa ƙarfen gado tafasasshen ruwa. Matsalar ita ce gidan ba shi da tsakar gida. Inda rana ke sauka sosai wuri ɗaya ne, bakin titi, daura da famfo.

"Gara in mutu," ta ce.

Sai ta shiga yaƙin ɓoye. Ta rufe taga, ta saki labule, ta dafa zannuwa a tukunya, ta sa ƙafafun gado cikin gwangwanaye masu ruwa. Kullum tana bin ɗinkin katifa da dutsen guga mai zafi. Na kusa da sama suna mutuwa, na cikin soso da bututun gado ko a jikinsu. Kuma don kada a tambaye ta me ya raba ta da ƙofar gida inda ta saba guga, ta ce wa mutane ƙafa ke damunta, ta mayar da teburin cikin ɗaki. Kayan mutane da ta goge ta ninke, a nan take jera su kan kujera, taku ɗaya daga gadon. Na yi faɗa har na gaji. Na ce, "Yaya, yarinyar nan ba ta barci, a aji take gyangyaɗi!" Ta ce in bar ta, ta kusa gamawa da su.

Ina wurin ranar da wata malamar asibiti ta zo karɓar fararen kayan aikinta. Yaya ta ɗauko su a tafin hannu kamar yadda ta saba, sai ga ɗaya yana tafiya a wuyan riga. Malamar ba ta gani ba, tana neman wani abu a jaka. Yaya ta yi maza ta danne shi da babban yatsa. Da ta ɗaga, ga jan tabo a kan farin yadi.

Ta tsaya tana kallon tabon. Ta san jinin waye, ni ma na sani.

"Baiwar Allah," ta ce wa malamar, "kada ki kai kayan nan gidanki. Kuɗin cizo ne a ɗakina. Bari in dafa su, in sake gogewa a waje." Malamar ta ja da baya kaɗan, ta ce babu komai, amma duk mun ga yadda ta kakkaɓe hannun rigarta.

Da tsakar ranar muka kinkimo katifa. Layin famfo cike yake, hira ta tsaya cak. Wallahi ni da ba ɗakina ba ne sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Yaya kuwa kanta a sunkuye, gumi na ɗiga daga haɓarta. Wata ta yi tari irin na gulma, wata ta ja 'yarta gefe.

Ƙofar da ke kallon ta Yaya ta buɗe. Matar mai gyaran keke ta tsallako titi da wata ƙatuwar baƙar leda a hammata. Na gyara tsayuwa, don na ɗauka ranar ramuwa ce ta zo.

"A ciki ake sa ta," ta ce, ba ta kalli kowa ba. "Ki ɗaure bakin tam, zafin ya taru. Bayan sati ki sake, ƙwan yana ƙyanƙyashewa. Ki cire ƙafafun gadon ki zuba ruwan har cikin bututu."

Yaya ta ɗago kai ta dube ta.

"Ni nawa ni kaɗai na yi," matar ta ce. "Ba wanda ya kama min." Ta sunkuya ta kama ɗaya gefen katifar.

Kusan rabin masu kawo wanki ba su dawo ba, har da malamar. Yarinya dai yanzu tana barci har sai an tashe ta, fatarta ta warke. Yaya ta mayar da teburinta ƙofar gida, tana guga kamar da. Amma in aka kawo mata ƙulli, sai ta karɓa da hannu biyu, ta shige ciki, ta rufe ƙofa kafin ta kwance shi.