Hoton Ƙwaƙwalwar Yaya a Gilashin Mota

Yayana direban motar makaranta ne, shekara goma sha tara ke nan, kuma wallahi ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. Yara na kiransa Baba Sannu-sannu don ba ya gudu. Da sunan nan yake taƙama, sai ka ce gudu ne kaɗai ke kawo haɗari.

Yana da hawan jini, kowa a gidanmu ya sani. Ga dabararsa: sai saura mako guda a yi wa direbobi gwajin lafiya na shekara, ya dinga shan magani safe da yamma. Yana karɓar takarda ya cilla sauran ƙwayoyin cikin aljihun mota, sai kuma baɗi. Wai shi lafiyarsa ƙalau, magani na masu kwanciya ne.

Bana ciwon kai ya sa shi gaba, irin wanda bai saba ba, tun da safe yake tasowa daga ƙeya. Ni na ja shi asibiti yana ta mita. Aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa, likita ta ɗaga shi a haske ta nuna mana wasu fararen ɗigo-ɗigo.

"Abubuwa da yawa na kawo wannan," in ji ta. "Shekaru, ciwon suga, taba, ciwon ɓarin kai, wani lokacin kumburin jijiya. Amma yadda jininka ya hau, shi na fi zargi, yana lalata ƙananan hanyoyin jini. Ka ajiye tuƙi har mu gama bincike."

"To, likita," ya ce, kamar mutumin kirki. Muna fita ya harare ni. "Ke dai kin cika kwakwazo. Rana ce ke dukana ta taga."

Bayan kwana uku na raka 'yata bakin titi, don motarsa take shiga. Me zan gani? Baƙin hoton nan ya manna shi a gilashin gefensa, wai maganin rana! Ya tsaya, ya buɗe ƙofa, ya dafe ƙeya ido a runtse, yara talatin a bayansa suna ta surutu.

"Yaya, ka sha maganin?"

"Matsa min, za mu makara."

Raina ya ɓaci. Na hau na ɓamɓare hoton, na riƙe hannun 'yata, muka bi shi a tasi. Gaban shugabar makaranta na ajiye hoton, na faɗa mata komai, har dabarar mako guda. Kafin a tashi yara an karɓe makullin motar daga hannunsa.

Mahaifiyarmu ta ce na tona wa ɗan'uwana asiri. Eh, na tona. Matarsa ta ce yanzu kullum yana shan maganin, yana zaune a tsakar gida yana kallon bango. Jiya na gaishe shi, bai ko dube ni ba, ya juya wajen 'yata.

"Gaya wa uwarki ba ni da ƙanwa."

Ya yi min ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma ya je can, gara ya rayu yana gaba da ni.