Kwabon kakana mai huji kusurwa huɗu

Shekarun baya na kasance cikin masu yi wa tarihin ɗan Adam hidima, hidimar da ba kowa Allah ke zaɓa dominta ba: ina tara tsofaffin kuɗi a gwangwanin madara. Ina da anini, ina da kwabo mai huji, ina da gilashin ƙara girma wanda in na kafa shi a ido yaran gidanmu na unguwar Nakkasa a Makka kan rage murya.

Wata rana mahaifiyata ta kwance bakin mayafinta ta miƙo mini wani kwabo na tagulla. Hujinsa ba zagayayye ba ne irin na anini, kusurwa huɗu gare shi, rubutun jikinsa kuma ya suɗe kamar dutsen alwala.

“Na Baba ne,” ta ce. “Tunda ka mai da kanka malamin kwabbai, ka gano mini garin da aka yi shi. Ina so in san inda ya je kafin in je in same shi.”

Kakana da ƙafa ya taso daga ƙasar Kano, amma tsakanin fitowarsa da isowarsa Makka akwai shekaru da dama da bai taɓa ba da labarinsu ba. A gidanmu an cike gurbin da cewa har Sin ya kai neman ilimi. Hujjar ita ce wannan kwabo.

Na ɗora takarda a kansa na goga fensir. A gaba alamu huɗu suka fito kewaye da hujin, biyu sarai, biyu kamar sawun kaza. Na rasa ma ina ne sama. A baya kuwa wasu lanƙwasassun layuka ne biyu. Kawuna, wanda ba a kai masa rubutu ya ce bai iya ba, ya kwantar da kwabon a gicciye ya ce, “Kai yaro, wannan ai ajami ne! Ga lam, ga waw.”

“To me aka rubuta, Kawu?”

“Marubucin ba shi da hannu mai kyau. Halas, shi ke nan, ɗauke abinka.”

Da aikin Hajji ya zo, ina cikin masu yi wa alhazai jagora a Mina, na sa kwabon a aljihu. Na sami wani limamin alhazan Sin mai jin Larabci. Ya duba ya yi murmushi, ya karanta alamun nan biyu na dama da hagu. Sai ya ce ma'anarsu kawai kuɗi ne da ake kashewa, kuma kusan kowane kwabo irin wannan yana da su. Sunan zamanin sarkin yana sama da ƙasa, wato daidai wurin da ya goge. Garin da aka yi shi kuma a baya yake, cikin ajamin Kawu, wanda ashe rubutun gidan sarautarsu na ƙarshe ne, shi ma limamin bai iya shi ba.

Ina tsaye ina juya wannan a kaina, wani alhajin Indunusiya ya leƙo ya ce, “Ya hajj, wannan namu ne. A ƙasarmu kakanni da shi suke cefane.” Shi da limamin suka shiga musu da Larabcin da ni kaɗai nake jin rabinsa. Na koma gida da ƙasa biyu, ba gari ko ɗaya.

“Yaya?” in ji mahaifiyata.

“Umma, bincike ya yi nisa.”

“Wato ba ka sani ba.”

Haka muka zauna har aka zo rushe ɓangarenmu na unguwar. Muna kwashe kaya, na jawo wani tsohon kwando daga ƙarƙashin gadon ƙarfe. A murfinsa an ɗaure duwatsun ado da kwabbai biyu masu huji kusurwa huɗu, kusa da su ga wani zare yana reto, ba komai a bakinsa.

Mahaifiyata ta daɗe tana kallonsa. Can ta ce, “Kwandon ɗinkin Inna ne. Wata maƙwabciyarmu 'yar Jawa ta Indunusiya ce ta ba ta.” Ta auna kwabonta a bakin zaren, ta mai da shi bakin mayafi ta ƙulle. “Ko ma dai mene ne, a aljihun Baba na same shi.” Ba ta ƙara tambayata sunan gari ba.

Har yau in na tuna, ban san ko na yi mata aiki ko na yi mata ɓarna ba. Abin da na koya shi ne, kwabo yana iya gaya maka inda shi ya fito, in bai goge ba, amma ba ruwansa da inda mai aljihun ya je. Kwabbai suna tafiyarsu ne ba tare da mu ba. Yanzu ina da uku, har da na Umma, kuma ban san sarkin ko ɗaya ba.

Daga baya 'yan'uwanmu na Sudan suka zo umara, muka tambaye su. Shekarun nan a yankin Jazira na can Sudan kakana ya yi su, yana tsinkar auduga.