Ƙafa Talatin Cikin Daƙiƙa Talatin

"Ni dai na ce ba za ta dawo ba. Kafaɗa ce fa, ba ɗan yatsa ba."

"Ba ka san matar nan ba."

"Na san ta mana. Shekara hamsin da takwas, an farke ta an ɗinke. Wa ya taɓa jan buhun nan da ɗinkakkiyar kafaɗa?"

"To kai me ya dame ka? Ko ka fara auna kujerarta ne?"

"Aunawa kuma? Ai tuni na ja ta baya. Ƙafafuna ba sa shiga."

Darlene Tuttle tana tsaye a bayan ƙofar ɗakin shan kofi na garejin motocin makaranta, hannunta na dama a rataye a wuya, babu abin da ya wuce ta. Muryar ƙarshe ta Duane Hulbert ce, dogon direban da aka ba riƙon motarta. Ba ta shiga ba. Ta gyara zaman jakarta ta wuce ofis.

Shekara ashirin da biyu ke nan tana tuƙa bas ɗin layi na sha huɗu. Ta fara ne a shekarar da farashin madara ya faɗi warwas, mijinta Wendell ya sayar da shanunsa, gidan ya koma sai kaji da shiru. Layin mil arba'in ne cikin tuddai da gonaki. Ta san gidan da karensu ke bin taya, ta san kwanar da ƙanƙara ba ta narkewa sai Afrilu, ta san uwar da sai an yi mata ham sau biyu kafin ta turo 'ya'yanta. Wasu daga cikin iyayen da ke ɗaga mata hannu yanzu, ita ta kai su aji ɗaya.

A watan Janairu santsi ya kwashe ta a filin ajiye motoci, tana kankare ƙanƙarar da ta daskare a madubin mota. Jijiyar kafaɗa ta tsinke, aka yi mata aiki. Ciwon bai tayar mata da hankali kamar wata doka da ke cikin yarjejeniyar ƙungiyarsu ta direbobi ba: direban da ya yi ranakun aiki casa'in bai kama sitiyari ba, layinsa ya fita daga hannunsa, wanda ke bi masa a daɗewa ya ɗauka. Mai bi mata kuwa Duane ne. Kuma ba a komawa sitiyari sai an ci gwajin ƙarfi, wanda ƙarshensa shi ne jan buhun yashi mai nauyin laba ɗari da ashirin da biyar, tazarar ƙafa talatin, cikin daƙiƙa talatin.

A ofis Curtis Ostrander ke jiranta, jami'in hukumar makarantun gunduma mai kula da waɗanda suka ji rauni a bakin aiki. Direbobi na kiransa Mai Fayil. Duk Juma'a sai ya buga mata waya, duk Juma'a sai ta ce tana wanka.

"Uwargida Tuttle, yau dai an fito daga wankan?"

"Faɗi abin da ke tafe da kai, yallaɓai. Wendell na mota, ga sanyi."

"To, ba zan ɓoye miki ba. Duk makon da kika yi a gida, muna biyanki diyya, muna biyan mai riƙe miki mota, baɗi kuma masu inshora su ƙara mana. Daga tukunya ɗaya ake ɗiba, da na littattafai da na gyaran rufi."

"Ni na shimfiɗa ƙanƙarar?"

"A'a. Mu ne ba mu watsa gishiri da wuri ba. Shi ya sa ban taɓa yi miki jayayya a kan ko sisi ba." Ya tura fayil ɗin gefe. "Amma shekarata goma sha ɗaya a kujerar nan. Wanda ya wuce wata uku yana kallon bango a gida, da wuya ya dawo, ko da jikin ya warke. Ina so ki dawo yanzu, a aiki mara nauyi. Akwai ɗaukar waya, akwai yayyaga tsofaffin takardu."

"Shekara ashirin da biyu ban taɓa goga motar nan a jikin komai ba, ka ce in zauna ina yaga takarda?"

"To me kike so?"

"Me likita ya rubuta?"

"Kada ki ɗauki abin da ya fi laba biyar. Kada ki ɗaga hannu sama da kafaɗa."

"Ya hana zama?"

"Bai hana ba."

"To zan zauna a motata. Layin ba shi da mai kula da yara, Duane na tuƙi yana tsawa. Ka rubuta ni a nan."

Ostrander ya sosa ƙeya, ya sake karanta takardar, sannan ya ɗauki biro. "Sai dai ki sani, ranakun nan casa'in ba za su tsaya ba. Sitiyari kaɗai ke tsayar da su."

"Na iya ƙirga, yallaɓai."

Ranar Litinin da safe ta hau motarta ta ƙofar da yara ke hawa, ta zauna a kujerar farko.

"A'a, yau mun samu kwandasta!" in ji Duane. "Sannu da zuwa, ranki ya daɗe. A ba ki bargo?"

"Dubi gabanka, dogo. Karen gidan Pruitt na nan tafe."

"Wane kare kuma?"

Kafin ya rufe baki ga karen a gefen taya. Duane ya taka birki, yara suka kwashe da dariya.

Haka suka yi ta tafiya, safe da yamma, har ƙanƙara ta narke, ciyawa ta tsiro. Abin da ya fi ci mata rai shi ne Duane ya iya tuƙi. Ba ya garaje, ba ya manta duba ƙarƙashin kujeru bayan an sauke kowa. Wata rana da yamma, motar ba kowa sai su biyu, ya ce mata ba tare da ya waiwayo ba, "Kin san layin nan yana ƙarewa kusa da gidan tsohuwata. In na same shi, kullum zan riƙa leƙa ta kafin duhu. Ba mugunta ba ce, Darlene."

"Na sani. Amma nawa ne."

Sau uku a mako take zuwa wurin mai gashin ƙashi, ta ja igiyar roba har hawaye ya zubo, ta goge ta ce a ƙara. A rana ta saba'in da takwas likita ya sa hannu cewa ta iya gwaji.

Bev Lansing ce mai gwajin, shugabar gareji, ƙawarta tun suna 'yan mata. Su biyu kaɗai a bayan gareji. Darlene ta hau matakala ta sauka sau uku, ta buɗe ƙofar baya ta diro, duk cikin lokaci. Sannan ta kama igiyar buhun. Rabin hanya kafaɗar ta ɗauki zafi kamar an ɗora mata garwashi. Ta ciji leɓe ta ƙarasa.

"Nawa?"

Bev ta dubi agogo, ta dubi hagu da dama. "Talatin da huɗu." Ta rage murya. "Ƙawata, yatsana ne ya makara. Talatin zan rubuta. Wa ya gani?"

Darlene na haki, ta dafa gwiwa. Layin na nan a bakin biron Bev, miƙa hannu kawai za ta yi.

"Bev, me ya sa aka ce laba ɗari da ashirin da biyar?"

"Haba, kin fi ni sani."

"Faɗa mini dai."

"Nauyin ɗalibi ne, in ya suma, hayaƙi ya cika mota."

"To ranar da hakan ta faru, ke za ki zo ki ce wa wutar yatsanki ya makara? Rubuta abin da kika gani."

Bev ta rubuta, idonta ya kawo ruwa. "Taurin kanki ne zai kashe ki. Sau ɗaya ya rage miki kafin wa'adi."

Da Ostrander ya ga sakamakon, ya kira ta. A karon farko ta ɗauka ba ta ce tana wanka ba. Ya ce zai sa a ƙara mata zama uku wurin mai gashi a makon nan, ko da masu inshora za su yi ƙorafi. Mai gashin ta kalli yadda take ja, ta ce, "Da hannu kike faɗa da shi. Tsuguna, ki miƙe hannuwan, ki bar cinyoyi su yi aikin."

A tsohon garken shanunsu Wendell ya auna ƙafa talatin, ya ja layi da alli. Suka ɗaure buhu biyu da rabi na abincin kaji a cikin tamfol.

"Talatin da uku, Dar."

"Sake."

"Haba Dar, kajin nan fa suna kallon abincinsu yana yawo tun safe."

"Su yi haƙuri. Sake."

Rana ta uku talatin da biyu. Rana ta biyar ta koma talatin da huɗu, ta zauna a kan buhun. Wendell ya kawo mata ƙanƙara a tsumma, ya ɗora mata a kafaɗa. Da ta huta ta miƙe ta kama igiya.

A rana ta tamanin da tara, bayan an sauke yaran safe, direbobi suka taru a bayan gareji da kofunansu. Ostrander ma ya zo, fayil a hammata. Bev ta ɗaga agogo.

"Dakata," in ji Darlene. "Duane, fito da wayarka. Kai ma ka ƙirga."

"Ni? Kin manta wanda zai ci riba in kin faɗi?"

"Shi ya sa. Ba na so wani ya ce ƙawata ta yi mini alfarma."

Duane ya ajiye kofinsa, ya fito da waya. Darlene ta tsuguna, ta naɗe igiyar a hannu biyu, ta ba farin layin da ke ƙarshen ƙafa talatin ɗin baya. Bev ta ce, "Tafi!" Buhun ya yi gardama, sannan ya biyo ta. Ba ta jin ihun da ake yi, sai ƙarar yashi a kan siminti da bugun zuciyarta. Kafaɗar ta ɗauki zafi a daidai inda ta saba. Ta ƙara tsugunawa, ta tura ƙasa da dugadugai, taki ɗaya, wani takin, har ta ga farin layin ya wuce ta ƙarƙashin buhun.

"Ashirin da tara!" in ji Bev.

Kowa ya juya ga Duane. Ya daɗe yana kallon wayar. Sannan ya juyo da fuskarta kowa ya gani.

"Ni ashirin da takwas da ɗoriya na samu. Bev ce ke neman cutarki." Ya ciro makulli daga aljihu ya miƙa mata. "Tsohuwa, ke ba mutum ba ce."

Ostrander ya rufe fayil ɗin ya ce ranar Litinin sai ta kama aiki, amma gashin kafaɗa ba fashi har ƙarshen Yuni.

Darlene ta karɓi makullin da hannun hagu, don kafaɗar dama ba ta daina zafi ba. Ta hau motar, ta zauna a kujerar direba. Ƙafarta ba ta kai birki ba. Ta leƙo ta taga.

"Duane, ranakun da za ka duba tsohuwarka, ka biyo ni da yamma in sauke ka a ƙofar gida. Amma yanzu don Allah zo ka mayar mini da kujerar nan yadda ka same ta."